Guguwar Dokta Lawali

Bana azumi ya sake faɗowa cikin sanyi. Tun da aka ga wata ruwa yake tsiyaya a Saint-Denis, siririn ruwan nan da ba ya cika kwata amma yana shiga har ƙashin mutum. Ƙishi babu, sai dai yunwa ta kama ka tun kafin azahar, yatsun ƙafa su mutu cikin takalmi. Ranar Asabar ɗin da ta wuce ina kicin ina yanka albasa, Faiza tana naɗa sambusa, tele, wato talabijin, tana ta surutu a falo ba mai kallonta, sai na ji wata murya da na yi kusan shekara talatin ban ji ba. Na leƙa. Ga shi nan ya yi ƙiba, gemu ya yi fari, an rubuta a ƙasan hotonsa wai masanin harkokin ƙasashen tsibirai. Dokta Lawali ne. Na ajiye wuƙar don kada in yanke yatsa.

Faiza ta ce, "Tanti, lafiya?"

Na ce lafiya lau, ta ci gaba da naɗinta. Amma ni hankalina ya riga ya bar Paris, ya koma Vénissieux, can gefen birnin Lyon.

Lokacin ina amarya, ban daɗe da barin Damagaram ba. Maigidana Malam Sanusi yana karatu a Lyon, muna zaune a Minguettes, cikin ɗaya daga dogayen benayen nan da aka dasa a kan tudu kamar da gangan, don iska ta same su da kyau. Mu muna can sama. Asansar ɗin da ke hawa da mutane ya fi kwana a mace, in ka ji yana motsi sai ka yi hamdala. Wannan shekarar ma azumin sanyi aka yi. Da safe hazo yakan rufe garin har ba na ganin benen da ke gabanmu, da yamma iska ta taso tana kuka a jikin taga. Shofaj ɗinmu, ƙarfen da ke ɗumama ɗaki, ɗuminsa bai wuce na kofin shayin da aka manta ba.

Tallafin karatu da ake aiko wa ɗalibai daga gida ya maƙale wata da watanni. Kuka da busasshiyar kuɓewar da na zo da su sun kusa ƙarewa, har na koma kakkaɓe leda a kan tukunya. Kasuwa kuwa ba na zuwa sai an fara tashi, lokacin da masu kayan miya ke barin kwandunan tumatir da ya fara laushi ga duk mai so. A can na fara haɗuwa da Zalihata, mun kai hannu kan kabeji ɗaya. Muka yi dariya, muka hau bene tare muna haki, sai ga shi ƙofarta tana kallon tawa.

Zalihata mutuniyar wata ƙaramar ƙasa ce ta tsibiri, can cikin tekun Indiya. Musulmi ne, suna azumi kamar mu. Mijinta Ahamada yana aiki a wata masana'anta, mutum ne da sai ka yi sati ba ka ji muryarsa ba. 'Yarsu guda, Faiza, ba ta kai shiga makaranta ba, kuma takardunta ba su fito ba, don haka aka bar ta a ƙauye wurin kakarta. Faransancina a lokacin gurgu ne, nata ma ba mai gudu ba ne, amma mun fahimci juna.

Da azumi ya kama muka haɗa girki. Bayan azahar sai mu buɗe ƙofofinmu biyu, kicin ɗina na suya, nata na dahuwa. Tana da wata 'yar kujera mai haƙoran ƙarfe a baki, a kanta take zama ta kankare kwakwa, ta matse madararta ta zuba a shinkafa ko a dakakken ganyen rogo. Ni kuma in jiƙa wake, in dama kunun tsamiya, in tuƙa tuwon sumul, garin alkamar kanti, da ba shi da ɗanɗanon komai sai na haƙuri. Daka ba ta yiwuwa sai mun ninka bargo mun ɗora turmi a kai, in ba haka ba tsohuwar da ke ƙasanmu ta fara dukan rufinta da sandar tsintsiya. Tururi ya cika tagogi, hannuwanmu su yi ɗumi, ƙamshin kwakwa da na ƙosai su gauraye a baranda, cikinmu na ƙugi muna hira. Rana ba ta da tsawo, kafin ka farga magariba ta taho. In ka ce in zaɓi lokacin da na fi so a duk zamana na Lyon, wannan zan zaɓa.

Sai majalisa ta iso. Ɗalibai ne gwauraye, abokan Malam, suna zuwa shan ruwa gidanmu. Ban taɓa jin ƙyashin ciyar da su ba, yawancinsu yaran kirki ne, wani ma yakan shigo da burodi ko lemo a aljihun kwat. Mutum ɗaya ne bai taɓa shigowa da komai ba sai bakinsa. Lawali mutumin Tawa ne, yana karatun siyasa, bai gama ba, amma sunan Dokta shi ya raɗa wa kansa tun da wuri don kada a sha wahalar nema daga baya. Yana da wata doguwar hula mai aiki da yake sawa ko ƙanƙara ake yi. Da ya shigo zai cire ta, ya busa mata iska, ya ɗora ta a kan shofaj ta bushe, sannan ya zauna daidai inda faranti zai sauka. Mutumin bai taɓa makara ba, kuma bai taɓa zuwa da wuri yadda za a ce ya kama wani aiki ba.

Shekarar ta zo wa ƙasar su Zalihata da masifa iri-iri. Tun farkonta sojoji suka kama gidan rediyo, shugaban ya bar ƙasar. Aka sa zaɓe, aka fasa. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti suka ajiye aiki. Daga baya jirgin ruwan da ke kawo shinkafa ya daina zuwa, mutane suka koma cin ɗanyar ayaba dafaffiya safe da yamma. Duk wannan Zalihata tana jin sa ne guntu-guntu, a rediyo ko a kabin ɗin waya da ke gindin bene, in ta samu layi ya shiga gidan wani mai kanti a ƙauyensu, a kira mata uwarta.

Dokta Lawali kuwa ya samu abin yi. Ƙasar da bai san da ita ba sai da ya ci sambusarta, ya ɗauke ta ya mai da ita tasa. Kullum bayan an kai dabino baki sai ya gyara zama, mai yana naso a leɓensa.

"Wagga ƙasa ai ba ƙasa ba ta," in ji shi. "Ni na karance ta sarai. Kuma mutanen ba su da dabara. Mu in abu ya ɓaci, sai mu ɗau buhu mu bi ta Konni mu shiga Najeriya, in ya lahwa mu komo. Ku ce musu su ƙetare iyaka mana!"

Malam ya ce a hankali, "Dokta, teku ne fa ya kewaye su."

"To, ba su da kwalekwale?"

Aka yi dariya, ya miƙa hannu ya ƙara sambusa. Da Hausa suke hirar, Zalihata ba ta ji, amma tana jin sunan ƙasarta yana fita daga bakinsa. Sai ta tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu, tana kallonsa da girmamawa. A ganinta ga mai ilimi ya damu da su. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Azumi ya yi nisa kaɗan sai rediyo ya ce iska mai ƙarfi ta faɗa wa tsibirin, wadda Faransawa ke kira siklon. Daga ranar waya ta mutu. Zalihata takan sauka kabin da safe, ta sauka da azahar, ta bar tukunya a wuta ta sake sauka. Ina hango ta daga taga, ta ƙudundune cikin kwat ɗin mijinta, iska na kaɗa zanenta, ta manna kan wayar a kunne. In ta hawo ba na tambayarta, fuskarta ta isa. Ba ta san ko uwarta da 'yarta suna raye ba, kuma babu wanda za ta tambaya. Ta daina cin abinci, dabino ɗaya da ruwa take buɗe baki da su, amma ba ta daina girki ba, wai in ta zauna kanta zai fashe.

Yaran yanzu ba za su gane wannan shirun ba. Yau in iska ta tashi a ko'ina, hotonta na cikin wayarka kafin ta kwanta. A lokacin kuwa mutum sai ya tsaya cikin akwatin gilashi yana sauraron layi yana ƙara, babu kowa a ɗaya bakin.

Da maganar ta zo majalisa, Dokta ya kaɗa hannu. "Siklon, siklon, Nasara da son babban suna! Guguwa ta. Mu Tawa da bazara kullum muna ganin ta. Ta taso ta yi juyi, ta ɗauke ma hula, ka bi ka ɗauko, shi ke nan. Guguwa ta, ba wani abu ba."

Ni ma a lokacin ban taɓa ganin teku ba, balle iskarsa. Amma ina ganin matar da ke rama a gabana, kuma na san guguwar da yara ke bi da gudu a bayan gari ba ta kashe wayar ƙasa guda. Shi Dokta bai ga komai ba, idonsa na kan faranti.

Ana nan sai ya sanar cewa zai tafi Paris, wai an gayyace shi taron ɗalibai ya yi jawabi a kan rikicin tsibirin. Ko an gayyace shi, ko shi ya gayyaci kansa, Allah masani. Ya cika baki cewa babu ofishin da bai san mai shi ba. Da na fassara wa Zalihata, sai ta kama hannuna. A Paris akwai ofishin ƙasarsu, akwai 'yan garinsu da labari ke fara isa gare su. Ta fito falo da kanta, ta russuna, ta roƙe shi da Faransanci ya tambayar mata ƙauyensu. Ta faɗi sunan ƙauyen, ta maimaita, ta faɗi sunan uwarta, ta sake maimaitawa. Ya ce, "Madam, ki ɗauka an gama." Washegari ta soya masa guzuri, ta naɗe a takarda mai ƙyalli, ta kai masa har tashar bas cikin ruwa.

Ya yi kwanakinsa ya dawo da sabon mayafin wuya. Ya shigo, ya ɗora hula a shofaj, ya fara ba da labari: yadda aka tafa masa, yadda wani farfesa ya riƙe hannunsa, irin naman da ya ci a wani gidan abinci a Belleville. Zalihata na tsaye a bakin ƙofa tun shigowarsa, ta damƙe gefen zanenta. Bai ko dube ta ba. Sai da Malam ya ce, "Dokta, saƙon maƙwabciya fa?"

Na ga idonsa ya yi wani yawo. Sannan ya washe baki ya juya Faransanci. "A, Madam! Na bincika. Kowa lafiya. Rufin akurkin kaji ne ɗaya biyu ya tashi. Yadda na faɗa ne, guguwa ce kawai."

Kalmar guguwa da Hausa ya faɗe ta. Zalihata ta durƙusa a wurin tana hamdala, hawaye na zuba.

Na ce, "Dokta, wane gari ka tambaya?"

Ya ce, "Uwargida, tsibiri guda na, gari nawa gare shi?"

"Sunan garin nake so ka faɗa mini."

"Kai, Sanusi, matarka 'yar sanda ta?" Aka yi 'yar dariya, Malam ya harare ni, aka kira salla.

A kicin na gaya mata gaskiya, na ce mutumin nan ko sunan ƙauyenku bai riƙe ba, kada ki dogara da maganarsa. Ta ce, "Hadiza, 'yar'uwata, bar ni in ci abinci yau." Na zuba mata shinkafa, ta ci tana kuka, ni kuma ina tsaye ina jin kamar in fita in kife masa miya a ka.

Ana cikin goman ƙarshe jirgin sama na farko ya fito daga tsibirin. Ahamada ya tafi Marseille inda 'yan ƙasarsu suka fi yawa, ya nemo wanda ya zo daga yankinsu. Da hantsi ya dawo. Na ji takunsa a matakala, mai nauyi, yana tsayawa yana ci gaba. Na ji ƙofarsu ta buɗe ta rufe. Sannan na ji muryar Zalihata, kuma ba na fatan in sake jin irinta.

Teku ne ya hau ƙauyen, iska ta kwashe rufin gidaje. Mutane suka gudu masallaci, don shi kaɗai ne ginin siminti. Shi ma rufinsa ya tafi, ruwa ya shigo. Tsohuwar ta kwance zanenta, ta ɗaure jikarta a jikin ginshiƙi, ta ƙulle tam. Ita ba ta da abin da za ta ɗaure kanta da shi. Da iska ta kwanta aka tarar da Faiza a ɗaure, da rai, zanen ya ci naman ƙugunta don tsananin ja. Kakar kuwa sai daga baya aka tsinci gawarta a cikin duwatsun bakin ruwa. Ranar da Dokta yake cewa akurkin kaji, an riga an yi mata sutura.

Muka shimfiɗa tabarmi a gidansu, aka fara zaman makoki. Matan ƙasarsu suka zo daga ko'ina a Lyon, ni na karɓi girki. Washegari ina wanke tukwane Zalihata ta shigo, idonta ya bushe. Ta ce, "Kalmar nan da yake ta faɗa. Guguwa. Mece ce a wurinku?"

Ban rage mata komai ba. Na ce iska ce da ke juyi a fili da bazara, ta kwashi ƙaiƙayi da ledoji, yara su bi ta suna ihu. Na gaya mata abin da ya ce, ta ɗauke maka hula, ka bi ka ɗauko. Ta gyaɗa kai, ta ɗauki tsumma ta fara goge kwanukan da na wanke.

Ranar ne Dokta ya zo gaisuwa. Ya auna lokacinsa kamar kullum, rana ta kusa faɗuwa, an fara jera faranti. Asansar a mace yake, ya iso yana haki, ana ruwa da iska a waje. Ya cire hular, ya busa mata iska, ya ɗora ta a kan shofaj ɗin Zalihata, ya zauna kusa da Ahamada. Ya yi addu'a doguwa mai ado. Ko kunya babu, ya ɗora da cewa ai dama ya faɗa a Paris, matsalar ƙasar rashin tsari ce, da an yi gini mai kyau da ba a kai ga haka ba. Ahamada ya sunkuyar da kai. Malam ya rasa inda zai sa idonsa.

Zalihata ta tashi daga cikin mata. Ba ta yi sauri ba. Ta ratsa falon, ta ɗauki hular daga kan shofaj, ta buɗe taga. Sanyi ya faɗo ɗakin, labule ya tashi. Ta miƙa hannu waje ta saki. Muna gani iska ta ɗaga hular sama, ta juya ta, ta wuce da ita bayan ɗaya benen. Ta rufe taga, ta juyo ta dube shi, ta faɗi kalmar Hausa guda da ta iya.

"Guguwa."

Ba wanda ya yi motsi. Dokta ya buɗe baki, karo na farko tun da na san shi babu abin da ya fito. Ya dubi Malam, Malam ya dubi tabarma. Ni kuwa na buɗe masa ƙofa, na ce, "Dokta, bi ka ɗauko."

Ya sauka da ƙafa, kai babu hula. Yana cikin matakala aka sha ruwa. Na leƙa ta taga na hango shi a filin ajiye motoci yana duba ƙarƙashinsu cikin ruwa. Ko ya same ta, ban tambaya ba. Bai sake hawa benenmu ba, kuma abinci ya riƙa isar kowa.

Faiza ta iso Lyon bayan babbar salla, 'yar siririya, ba ta magana. A gabana ta girma. Yanzu tana aikin jinya a wani asibiti a nan Paris, iyayenta sun tsufa sun koma gida, ita kuma duk azumi takan zo mu haɗa girki, da 'yar kujerar kwakwar uwarta. Tabon yana nan a ƙugunta, ya zagaye ta kamar ɗamara. Ba ta tuna fuskar kakarta, ta ce hannuwa kawai take tunawa suna ƙulli.

Ranar Asabar ɗin, ta fito daga kicin da gari a hannu ta tsaya kusa da ni. Dokta yana ta bayani a tele, ya haɗe gira, yana cewa siklon da Faransanci mai kauri, wai shi ya daɗe yana gargaɗin duniya.

Ta ce, "Tanti, kin san shi ne?"

Na ce, "Na san shi. Ya ci sambusar uwarki."

Sai iska ta bugi taga, gilashin ya girgiza. Na ga hannun Faiza ya tafi ƙugunta ya dafe, garin ya ɓata mata riga. Na kashe tele, na sauke murfin taga har ƙasa. Lokaci ya yi, na miƙa mata dabino.